Reshen Tsamiya da Sheƙar Shamuwa

Daura, ranar Lahadi

Ummi, assalamu alaikum.

An sare reshen tsamiya jiya da hantsi. Wanda ya ƙetara katanga ya hau kan ɗakin Malam Sule, shi kaɗai aka sauke. Sauran bishiyar tana tsaye, sheƙar shamuwa ma tana inda kika bar ta, ko tsinke bai faɗo daga cikinta ba. Na fara da wannan ne don kada ki ji shi a bakin wani.

Bayan haka ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Nasiru da mahaifiyarsa da duk mutanen gidan. Matan da suka raka ki garin Babban Mutum sun dawo lafiya, sun ce an karɓe ki hannu bibbiyu. Allah Ya sa kin shiga a sa'a, Ya tsare ki a cikin ɗaki da wajensa, Ya haɗa ki da maƙwabta na kirki.

Ranar Alhamis da kika zaga unguwa kina sallama, kin tsallake gida ɗaya. Mamanki ta lura, ni ma na lura. Malam Sule yana zaune a ƙofar zaurensa kika wuce, mutumin da kika tashi kina ce wa Baba, wanda ya riƙa ɗora ki a bayan kekensa zuwa firamare duk ranar da aiki ya kai ni Kaduna. Ya bi ki da kallo. Na san dalilinki, domin kin faɗa mini a tsakar gida: "Baba, shekara nawa reshen nan yana wurin bai kashe kowa ba? Ka bari su kai mu kotun mana. In aka taɓa shi shamuwa ba za su sake sauka ba." Ban ba ki amsa ba, gida cike da mata, kuma amsar tana da tsawo. Ita ce wannan takarda. Mai yiwuwa ki yi gaskiya a kan shamuwar, ban sani ba tukuna. Amma ina so ki san yadda na iso inda na tsaya, saboda ban iso da wayo ba, da ɓarna na iso.

Kin san mangwaron da ke bayan rijiya. Mahaifina ya dasa shi. Sa'ad da nake saurayi a gidan jarida, aikina shi ne rage rubutun mutane, in yanke abin da ya yi yawa don labari ya shiga gurbinsa. Hutuna a ƙarshen shekara yake faɗowa, lokacin ɗari. Wata shekara na zo gida na ga mangwaron ya cunkushe, ya bazu ko'ina, ni kuwa na saba ganin bishiyoyin gidajen ma'aikata a Kaduna an daidaita musu kai kamar an yi musu aski. Na ɗauki adda na bi bakin rassan na daddatse su kewaye, na ja da baya ina kallon aikina, ya yi mini kyau. Ban duba abin da ke bakin rassan da na zubar ba. Da na duba da na ga sun kumbura, fure na shirin fitowa.

Inna, mahaifiyata wadda kika ci sunanta, ta fito da butarta ta tsaya ta kalli tarin ganyen. Ta ce, "Ka gama yi masa askin?"

Na ce na gama.

Ta ce, "Madalla. Bana sai mu yi kallon na maƙwabta."

Rashin mangwaro bai dame ni ba sosai, domin na koma bakin aiki. Abin da ya tsaya mini shi ne zuwan da na yi da bazara. Na zauna a tsakar gida da la'asar na ji wani abu ya ɓace, na kasa gane ko mene ne. Sai can na gane shiru ne. Duk shekara a wannan lokaci akwai wani gunji da ke cika gidanmu, ni kuwa tun ina yaro na ɗauka haka gida yake ƙara. Ashe ƙudan zuma ne a kan fure, sai ƙananan tsuntsayen nan masu dogon baki da ke shawagi suna tsotso, sai kuma jemagu in 'ya'ya sun nuna, waɗanda ke gatsa su yar mana da rabi. Dukansu suna da alƙawari da bishiyar nan, kowa da watansa, ba wanda ya rubuta musu, ba kuma wanda ya taɓa makara. Ni da adda ɗaya na soke musu shekara guda ban ma san sun yi alƙawarin ba.

Daga baya na koyi cewa mangwaro bayan ya gama 'ya'ya ake rage shi, gab da damina, don ya samu ruwan da zai yi sabon toho. Abin da nake so ki ɗauka a nan, Ummi, kafin ki gyara abu, ki duba bakinsa ki ga me yake shirin fitarwa. Abin da ya yi miki kama da cunkoso a gidan da kika shiga, wataƙila wani yana jiransa.

Na biyu ya fi wannan muni, kuma kina duniya aka yi shi, kina rarrafe. Na dawo Daura da zama, ina aika labarai daga gida, teburina a ɗakin da ke kusa da darbejiya. Da damina ta zauna sai tsuntsayen nan masu ruwan ɗorawa da ke saƙa sheƙa su rataye ta a bakin reshe suka mamaye darbejiyar. In ba ki taɓa tsayawa kin kalli yadda suke aiki ba, ki tsaya bana. Namijin ne masaƙi. Zai je ya tsage ganyen ciyawa ko na dabino siriri kamar zare, ya zo ya danne gefe ɗaya da ƙafa, ya zura ɗayan da baki, ya ja, ya ƙulle. Ƙulli na gaske, irin wanda ɗan Adam ke koyo a wurin wani. Ya fara da zobe, ya gina ɗaki a kansa, ya bar ƙofa ta ƙasa inda maciji zai sha wahalar shiga. In ya gama ya rataye a ƙasan ɗakin yana kaɗa fiffike yana kira. Macen ta zo ta shiga ta duba. In bai yi mata ba ta fita ta bar shi, shi kuwa ya warware ginin da bakinsa ya sake sabo. Mamanki takan ce tsuntsayen nan sun fi mutane sanin darajar mata.

Duk wannan daga baya na gani. A waccan shekarar surutunsu kawai nake ji. Tun daga asuba har rana ta faɗi ba sa yin shiru, ni kuwa ina da rubutun da ake jira. Wata safiya raina ya ɓaci na kira masu sara na ce su sauke rassan duka, su bar mini gindi. Ban ɗaga kai ba, ban tambayi kowa ba. Kafin azahar an gama. Na fito na tarar da mamanki a durƙushe cikin ganye tana ɗaga sheƙu ɗaya bayan ɗaya tana leƙa ciki. Ta ɗago ta ce, "Malam, da ransu fa." Ta tara 'ya'yan a ƙwarya, ba gashi a jikinsu, bakinsu a buɗe. Ta gwada ba su gero jiƙaƙƙe. Ba wanda ya rayu. Iyayen sun yi ta zagaye wurin da bishiyar take a da, suna sauka a kan katanga suna tashi, daga baya suka daina zuwa.

Kafin kaka tsutsa ta cinye ganyen lemun tsami da na zogale, ta bar jijiya kawai. Ba zan ce miki korar tsuntsayen ce ta jawo tsutsar ba, aikina ya hana ni faɗin abin da ban tabbatar ba. Abin da na sani shi ne da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu, kuma wannan ya biyo bayan wancan.

Darbejiyar ma ta ba ni tata amsar. Na zaci na huta da ita. Ba a jima ba kan kututturen ya fashe da toho, ba ɗaya ba, ba goma ba, cunkus kamar tsintsiya, kowane yana tseren neman rana. Suka yi tsawo ba ƙwari, kowace iska sai ta karya wasu ta zubo mana. Bishiyar da take da manyan rassa da inuwa mai kyau ta koma ƙurmi, kuma sai da na yi shekaru ina cire na cirewa kafin ta sake kama siffa. Na tsaya a gabanta sau da yawa ina mamakin inda wannan ƙarfin yake ɓoye. Duk yana ƙarƙashin ɓawo, yana barci, saran ne ya tashe shi.

To ki riƙe wannan. Kada ki yi sara ranar da ranki ya ɓaci, ko da adda ko da baki. Abin da aka datse har gindi ba ya mutuwa, yana dawowa ne da yawa kuma a hargitse. Na ga haka a itace, na gan shi a ƙannena da na taɓa yi wa faɗan da ya wuce laifinsu. Za ki zauna da dangin miji, za ki koyar da 'ya'yan mutane a makarantar da aka mayar da ke. In abu ya dame ki, ki bari ya kwana, ki ɗaga kai ki ga wa ke rataye a jikinsa.

Da a nan na tsaya, da kin ce to Baba ai maganata kake yi, a bar tsamiya. Shi ya sa dole in faɗa miki na uku, wanda ba mai ganinsa a matsayin kuskure sai wanda ya yi shi.

Bayan abin darbejiya na rantse a raina ba na sake sa ƙarfe a jikin itace. Na ji daɗin kaina ƙwarai a shekarun nan, ina ganin na zama mai tausayi. Muna da gwaiba a kusurwar garka, ba za ki tuna ta sosai ba, mai jan ciki ce. Wata rana na ga wani ganye da ba nata ba ya tsiro a kan reshe, kauci. Kin san shi, tsiron da ba ya taɓa ƙasa, a jikin wata bishiya yake kafa saiwarsa ya sha ruwanta. Na so in san yadda ya hau can, na zauna na sa ido. Wani ɗan tsuntsu ne da bai kai babban yatsana ba. Yana cin 'ya'yan kaucin, ƙwayar mai danƙo ce sai ta manne masa a baki, ya tashi ya sauka a wani reshe ya goge bakinsa a jikin ɓawo. Inda ya goge nan ƙwayar za ta zauna ta tsiro. Shi yana share baki ne kawai, bai san yana shuka ba. Na yi tasbihi a wurin, har yau in na tuna sai na yi.

Amma sai na ƙi cire kaucin, wai kada in hana tsuntsu abincinsa. Mamanki ta yi magana, ta sake yi. Ta ce, "Malam, da can ba ka tambaya sai sara, yanzu kuma sai kallo. Gwaibar nan ba jarida take so a karanta mata ba." Na yi dariya na bar zancen. Kaucin ya bi reshe bayan reshe, ganyen gwaibar ya riƙa ƙanƙancewa, 'ya'yanta suka ragu, gara ta samu busasshen wuri ta shiga. Da reshe ɗaya na cire tun farko da ta rayu. A ƙarshe gaba ɗayanta aka tumɓuke, kaucin ya mutu tare da ita, ɗan tsuntsun ma ya koma wani gida. Ban ceci kowa ba. Abin da na kira tausayi tsoro ne, tsoron kada in sake yin laifi, sai na zaɓi laifin da ba a ganin hannuna a ciki.

Yanzu tsamiya.

Ba sai na faɗa miki matsayin shamuwar nan a gidanmu ba. Tun Inna tana da rai suke sauka a gwafar nan inda manyan rassa biyu suka rabu. Zafi zai kai inda zai kai, rijiya ta ja baya, mutane su fara duban gabas, sai wata safiya a ji mamanki tana cewa an ɓata mata shanya da kashin tsuntsu, mu san baƙi sun iso. Manoman unguwa sukan leƙo zaure su tambaya, "Malam, naku sun zo?" In na ce sun zo, sai ka ga an fara fito da iri ana dubawa. Na karanta cewa in sun bar mu da kaka kudu suke yi, su ƙetare dazuzzukan da ruwa ba ya yankewa, su wuce har can ƙasashen da daminarsu ke kamawa lokacin da muke rani, suna bin fara da ruwan sama. Na buɗe taswira na bi hanyar da yatsa, yatsan ma sai da ya yi tafiya. Tsuntsu ba takarda ba mai rakiya ya yi wannan nisa, ya juyo, ya wuce garuruwa da tsamiyoyi ba iyaka, ya nemo Daura, a Daura ya nemo unguwarmu, a unguwar ya nemo gwafa ɗaya a bayan ɗakin girkin mamanki. Ban sani ba ko su ne dai na bara ko 'ya'yansu ne. Na yi karatu gwargwado, ban samu abin da ya rage mini mamakin wannan ba, kowane bayani ƙara shi yake yi.

Saboda haka da Malam Sule ya yi sallama a zaure watan jiya, na san abin da ya kawo shi, kuma ban so ji ba. Ya zauna ya sha ruwa ya ce, "Ɗan jarida, yarana sun ce in kai ka gaban alƙali."

Na ce, "To me ya hana?"

Ya ce, "Kai da ka fi alƙalin surutu? Sai a yini ba a tashi ba. Tashi mu je ka gani da idonka, tun da ba ka yarda da labari sai ka gani."

Muka zaga gidansa. Daga tsakar gidanmu reshen lafiya lau yake, abin da kike gani ke nan, abin da ni ma nake gani ke nan shekara da shekaru. Daga wajensa kuwa akwai tsaga a ƙasan reshen, doguwa, ta yi baƙi. Na taka tsani na sa hannu, yatsuna suka shige, garin itace ya zubo mini a hannun riga. A ƙarƙashin reshen ɗakin da jikokin Malam Sule ke kwana ne tare da kakarsu. Kin san iskar da ke zuwa gaban ruwan farko, daga gabas take bugowa, gidansa kuwa yamma da mu yake.

Ya ce, "Ni ma a bakin shamuwar nan nake jin labarin damina, kada ka ɗauka taka ce kai kaɗai. Amma ka ga inda yaran ke sa kai."

Tun da aka dawo da shari'a mutane sun saba cewa a je kotu a kan abin da bai kai ya kawo ba, har ke kin faɗa. Da an je, hukuncin a fili yake, duk mai ɗan karatu ya sani: abin da ya fito daga gidanka yana cutar da maƙwabci, kai ne za ka kawar da shi. Da na je na tsaya gaban alƙali a faɗa mini abin da na riga na sani, in dawo na rasa reshe na rasa maƙwabci. Mutumin nan yana da haƙƙin ya kai ni, bai kai ni ba, ya tako da ƙafarsa.

Abin da ya rage shi ne lokaci, kuma a nan ne duk ɓarnar da na lissafa miki ta yi mini amfani. In na jira har shamuwa suka sauka suka yi ƙwai, ba mai taɓa bishiyar sai kaka, na riga na ga abin da ke cikin ƙwaryar mamanki sau ɗaya, ba zan sake gani ba. In kuma aka bar shi har kaka, reshen zai sha iskar damina guda a kan yaran. Ƙofar da ke buɗe 'yar ƙarama ce, yanzu, kafin baƙi su iso kuma kafin hadari ya haɗu. Na jinkirta har ki tafi don kada ki tafi da ƙarar gatari a kunnenki. Wannan ma ban tabbata daidai na yi ba, domin kowace safiya ta makon bikin nan sai na fito na dubi sama ko hadari ya haɗu.

Ɗanlami mai sara ne ya yi aikin, da shi da ƙaninsa. Na sa aka kafa tsani na hau da kaina, mamanki tana ƙasa tana cewa in tuna shekaruna, na zana layi da gawayi nesa da gwafar kamar tsawon hannu, don sheƙar ta samu abin jingina. Ɗanlami ya dubi layin ya dubi itacen da zai rasa, domin shi zai kwashe, ya ce, "Malam, a matsa ciki kaɗan mana. Wannan guntun da za ka bari ko mujiya ba za ta gode maka ba."

Malam Sule daga ƙasa ya ce, "Bi layinsa, Ɗanlami. Mutumin nan ya yi shekaru yana yanke maganar manya, bai taɓa yarda a yanke tasa ba."

Aka ɗaure reshen da igiya, aka fara sara ta ƙasa don kada ya yage ɓawo in zai faɗi, sannan ta sama. Ya sauko a hankali, ko kwanon ɗakin bai taɓa ba. Da aka juya shi muka ga cikinsa rami ne, hannun yaro zai shige har kafaɗa. Matar Malam Sule ta kalli ramin ta koma ɗaki wajen jikokinta. Na sa aka shafe bakin saran da laka.

Ga abin da ban iya gyarawa ba. Wannan reshen shi ke yi wa sheƙar inuwa daga azahar zuwa la'asar. Yanzu gefenta na yamma a buɗe yake, rana na dukanta, shaho ma zai gan ta daga nesa. Shamuwa za su iya zuwa su zaga su ga gidan ya canza su wuce. Za su iya kuma gyara ta su zauna. Na tambayi waɗanda suka girme ni, wani ya ce sukan dawo, wani ya ce ba sa dawowa, kowa da labarin bishiyar garinsu. Ba ni da abin da zan ba ki tabbaci da shi. In ba su dawo ba, ni na zana layin, ba Malam Sule ba, kuma da za a mayar da jiya da haka zan sake zanawa.

Abu ɗaya na gani da ban zata ba. Da yamma na koma gidansa duba katanga, na ɗaga kai, sai ga sheƙar gaba ɗayanta a fili. Mu daga gidanmu kawunansu kawai muke hangowa ta cikin ganye. Ban taɓa sanin girmanta ba sai jiya: tarin ƙirare hawa bisa hawa, na ƙasa sun yi baƙi sun zama kamar ƙasa, na sama suna da sauran haske, aikin shekaru a jere. A kewayenta kuma tsamiyar ta fara fitar da sabon ganye, ja-ja, laushi kamar kunnen jariri, a tsakiyar wannan zafin da ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Ban san wa ya gaya mata ruwa na tafe ba. Muka tsaya ni da Malam Sule muna kallo har aka kira magariba. Ya ce, "To, ɗan jarida, bana in kana son labari sai ka yi sallama a gidana." Haka abin yake. Daga yanzu duk mai son ganin sheƙar nan sosai, ta zauren Malam Sule zai bi. Har da ke.

Matan da suka raka ki sun ce gidanku akwai tsohuwar darbejiya da lemuka da suka haɗe kai, har kin ce tsakar gidan ya yi duhu za ki sa a rage. Ban hana ki ba, wataƙila suna bukatar ragewa. Amma ki ba su shekara guda. Ki ga inda inuwa ke faɗuwa da bazara, ki ga wa ke sauka a kansu da damina, ki ga wanne ke fure da ɗari. Ki tambayi surukarki wa ya dasa su, ki saurari amsar har ƙarshe. In kun fita bayan gari ki lura da gawo, yana da yawa a wajenku. Da damina, lokacin da kowane itace ya yi kore, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, gero ya samu rana a ƙarƙashinsa. Da rani, in kowa ya bushe, sai ya yi ganye ya ciyar da dabbobi. Baƙon da ya gan shi wata ɗaya zai yi masa mummunar shaida. In shekara ta zagayo kika ga abin da ya kamata a cire, ki cire shi, kada ki yi irin tawa da gwaiba. Kafin nan kuma ki zaga ta gidan maƙwabci ki duba shi daga can.

Ba na neman ki ce na yi daidai. Abin da nake nema, in kin zo ganin gida, ki fara shiga wajen Baba Sule kafin ki shigo wajenmu, ki durƙusa ki gaishe shi. In za ki aiko da saƙo kafin nan, ki sa sunansa a cikin gaisuwa. Ya tambaye ni jiya ko kin isa lafiya, bai ambaci Alhamis ba.

Allah Ya kiyaye ki, Ya kiyaye mijinki, Ya sa gidanku ya zama wurin da ake son sauka. Ya tsare ku daga iskar farkon damina da abin da take kayarwa, Ya ba ku ruwa mai albarka. Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa rufe randa.

Mahaifinki.

Na riga na naɗe takardar Malam Sule ya leƙo. Ya ce da hantsin nan ya hangi tsuntsaye biyu can sama ta wajen rijiyar Kusugu suna zagaye, baƙaƙe masu farin ciki, ya ce shamuwa ne. Mamanki ta ce idon Malam Sule ba ya bambanta shamuwa da hankaka tun bara. Ni ban gani ba. Na je gidansa na duba, sheƙar tana nan, har zuwa yanzu ba kowa a cikinta.